Jins Sama da Ƙasa ga Matar da Ta Manyanta: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawa a bakin matan da ke kawo mini ɗinki, musamman waɗanda suka ba arba'in baya. Wata a shago take yi, tana juya yadin a hannu kamar mai tsoron kada ya cije ta. Wata kuma sai ta koma gida, dare ya yi, ta turo saƙon murya. Na tara su wuri ɗaya don bakina ya huta. Duk inda na ce "saiti", ina nufin riga da siket, ko riga da wando, ko jaket a kan doguwar riga, duka na yadin jins.

Shekaruna hamsin da biyu, har na aurar da 'ya. Anya jins sama da ƙasa bai yi mini yarinta ba?

Hajiya, tun yaushe kike sa riga da zani da ɗankwali na turmi ɗaya? Tun kafin ki yi wayo. Turawa ne ke ɗar-ɗar da sa sama da ƙasa na yadi iri ɗaya, har suna ta muhawara a kai. Mu a cikinsa muka tashi: atamfa, leshi, shadda, duk haka muke sa su, kuma ba wanda ya taɓa cewa shekaru sun hana. Idonki ya riga ya ƙware a wannan fanni fiye da yadda kike zato.

Abin da ya sa ake yi wa jins kallon kayan yara shi ne irin ɗinkin da aka saba gani a jikin 'yan makaranta: ya ɗame, ya yage a gwiwa, ƙugunsa yana ƙasa da cibiya. Cire wannan hoton daga ranki. Ki ɗauke shi yadi kamar kowane yadi, ki yi masa tambayoyi ukun da kike yi wa shadda: nauyinsa, faɗuwarsa a jiki, da tsawon da za a yanka. Sauran amsoshin nan duk a kan waɗannan ukun suke yawo.

Wai me ya raba jins da sauran yadi?

Auduga ce, saƙar ce daban. Juya wandon jins ki dubi cikinsa, za ki ga ya fi waje haske. Zaren tsaye kaɗai ake rinawa, na kwance, wanda masaƙanmu ke ce wa abawa, fari ake barinsa. A wurin saƙa zaren tsaye yakan haye uku ya nutse ƙarƙashin ɗaya, shi ya sa shuɗi ya rinjaya a fuskar yadin, kuma in kin ƙura ido za ki ga layuka siri-siri a karkace.

Sunan da Turawa ke kiransa, denim, ana danganta shi da garin Nim na Faransa, kalmar jins kuma da birnin Jenowa na Italiya. Wandon da muka sani ya samo asali ne a ranar 20 ga Mayu, 1873, lokacin da wani tela a garin Reno mai suna Jacob Davis da ɗan kasuwar yadi Levi Strauss na San Faransisko suka karɓi takardar mallakar fasahar kafa 'yan ƙusoshin jan ƙarfe a kusurwar aljihu don kada ya ɓarke. Kayan leburori ne. Sai a 1934 kamfanin Levi's ya fitar da wanda aka yanka a kan jikin mata, ya sa masa suna Lady Levi's. Kin ga ke nan mata sun haura shekara casa'in suna sa shi. Waɗanda suka fara sun girmi kakanninmu.

Launin kuwa namu ne tun fil azal. Shuni ne, irin wanda ake samu daga ganyen baba a marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake cewa ta kafu tun 1498. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kuma da shi ake rina kusan duk jins ɗin da ke kasuwa yau, amma sinadarin ɗaya ne da na karofi.

To me ya sa wasu ke yi wa wannan shiga dariya?

Akwai labari a bayansa. A 1951 mawaƙin Amurka Bing Crosby ya je wani otal a Bankuba ta Kanada sanye da jins sama da ƙasa, aka so a hana shi ɗaki saboda an ɗauka wani ɗan ci-rani ne, sai da wani ma'aikaci ya gane shi. Da Levi's suka ji, sai suka ɗinka masa kwat irin ta zuwa liyafa amma da yadin jins. Da wannan labari ake danganta laƙabin zolaya da ake yi wa shigar, wato kwat ɗin Kanada. A 2001 kuma Britney Spears da Justin Timberlake suka fito bikin karrama mawaƙan Amurka cikin ankon jins, ita da doguwar riga da jaka, shi da kwat har da hula, aka yi shekaru ana yawo da hoton. Nasu ya yi yawa ne: faci kan faci, launi kan launi. Naki ba haka zai zama ba.

Dole ne launin sama da na ƙasa ya zama ɗaya sak?

Hanya biyu ce mai lafiya. Ko dai ya zama ɗaya sak, daga bandir ɗaya aka yanko, ko kuma bambancin ya fito fili yadda mai hangowa daga nesa zai san da gangan aka yi. Abin da ke ɓata shiga shi ne na tsakiya, shuɗi biyu da suka yi kusa amma ba su haɗu ba, ɗaya yana ja zuwa kore-kore, ɗaya zuwa ruwan toka. Kin san yadda ake gane wadda ta sayi ankonta a wani shago daban ranar biki? To haka.

Kada ki yarda da fitilar shago. Fito da su bakin ƙofa, ki ɗora ɗaya kan ɗaya a hasken rana.

Idan bambantawa za ki yi, ki tuna duhu yana rage girma a ido, haske yana ƙarawa. Mai faɗin ƙugu da cinya ta sa mai duhu a ƙasa, mai haske a sama. Mai cikar ƙirji da siraran ƙafafu ta juya. Ni dai in za a bar ni in zaɓar wa mai shekaru saitinta na farko, shuɗi mai duhu zan ɗauka, sama da ƙasa, wanda ba a koɗar da ko'ina a jikinsa ba. Daga nesa kamar shadda mai duhu yake, kuma yana shiga ofis ba tare da kowa ya ɗaga gira ba.

Da wannan zafin namu? Ba zan dahu a ciki ba?

Za ki dahu, in kin sayi wanda aka saƙa don wata ƙasa. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don haka bari in zauna a kanta.

Ana auna nauyin jins da oza, wato nauyin ƙyalle mai yadi ɗaya a tsawo, yadi ɗaya a faɗi. Wandon da aka saba gani yakan kai oza 12 zuwa 14. Ki sa wannan sama da ƙasa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ma'aunin zafi yana taɓa 40, kin shiga tanda da ƙafarki. Riga tana son oza 5 zuwa 8. Siket ko wando, 8 zuwa 10. Mai nauyin a ajiye wa hunturu, ko wadda ke zaune a Jos.

Masu sayarwa da yawa ba su san lambar ba, don haka hannunki ne ma'auni. Dunƙule yadin a tafin hannu ki saki. Rataya shi a damtse: in ya zubo ya bi hannun, zai bi jiki, in ya tsaya ƙiƙam kamar tamfol, bar musu kayansu. Ɗaga shi wajen haske ki hura iska da baki, in kin ji ta a bayan hannunki zai sha iska.

Akwai 'yan uwan jins guda biyu da na fi so wa mata masu shekaru. Na farko shambire: zaren tsaye shuɗi, na kwance fari, amma saƙar ɗaya-sama-ɗaya-ƙasa ce, don haka ba shi da kauri, ga shi kowa ya gani zai ce jins ne. Na biyu wanda aka yi da layosel, zaren da ake fitarwa daga itace. Idan kin ga an rubuta Tencel a jikin lakabin, shi ne, sunan da kamfanin Lenzing na Ostiriya ke sayar da nasa ke nan. Yana da santsi da sanyi, yana zubowa kamar abaya. Aibinsa ɗaya, digon mai ko na zufa yana nunawa a jikinsa da wuri.

Sannan a duba lakabi a ga ko an cakuɗa foliyesta da yawa. Mafi yawan mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55, kuma duk wadda ta shiga wannan zango ta san zafin nan da ke tasowa daga ƙirji zuwa fuska ba sallama. Auduga tana shan zufa ta bar fata ta huta, foliyesta tana tsare ta. Shi ya sa nake ba da shawarar rigar sama ta zama mai buɗewa a gaba, da 'yar ciki ta auduga, yadda in abin ya taso za ki ɓalle maɓalli biyu ki samu sa'ida.

Mai roba ya fi ko marar roba?

Kashi 1 ko 2 cikin 100 na roba, wadda ake rubutawa elastane ko Lycra, ya isa ya ba ki damar zama da tashi. Fiye da haka sai ya manne wa jiki ya zana komai, bayan 'yan watanni kuma gwiwa ta yi buhu. Siket mai faɗi da doguwar riga ba sa bukatar roba sam.

Ina da teɓa da ƙugu, haihuwa shida. Wane ɗinki ne zai rufa mini asiri?

Fara daga ƙugun siket ko wandon. Ya hau ya zauna a kan cibiya ko samanta kaɗan, da ɗamara mai faɗin inci biyu. Wanda ya tsaya ƙasa da cibiya yakan raba ciki gida biyu, ya turo na sama waje. A bayan ɗamarar a sa roba, gaba a bar shi a shafe. Ba mai gani, ke kuwa za ki ci tuwon dare ba tare da ɓalle maɓalli ba.

Tsawon riga shi ne na biyu. Ido yana tsayawa ne inda riga ta ƙare, saboda haka kada ta ƙare a daidai inda kika fi faɗi. Ta wuce nan ta sauka tsakiyar cinya ko gwiwa. 'Yar gajeriyar jaket ɗin nan mai aljihu biyu a ƙirji, wadda ke tsayawa a ƙugu, a kan doguwar riga take kyau, ba a kan wando ba. Kuma in kina da cikar ƙirji, ki ce a cire aljihun gaban nan masu murfi. Ƙari suke yi inda ba a nemi ƙari ba.

Kafaɗa ita ce wurin da ba a yafewa. Ɗinkin hannu ya faɗo daidai kan ƙashin kafaɗa. Mata da yawa suna sayen babbar riga don su ɓoye ciki, sai kafaɗar ta zubo har damtse, su fito kamar sun aro ta maigida. Jins ba ya lanƙwasa ya ɓoye wannan kuskure yadda atamfa ke yi. A auna kafaɗa daidai, a saki faɗin daga ƙarƙashin ƙirji zuwa ƙasa.

Dabarar da na fi dogara da ita: doguwar riga marar hannu ko siket da 'yar ciki masu launi ɗaya, sannan doguwar jaket a buɗe a kai. Bakin jaket ɗin biyu suna ja layi biyu daga wuya zuwa ƙasa, ido ya bi su a tsaye, bai tsaya auna faɗi ba.

Gajeriya ce ni.

Launi ɗaya daga sama har ƙasa, zaren ɗinki kalar yadin, ba naɗe ƙafar wando, ba ƙatuwar bel mai wani launi. Doguwar jaket ta tsaya a saman gwiwa ko ta sauka har sawu, kada ta tsaya a tsakiyar ƙwauri.

Wando ko siket? Ba na son abin da zai sa a yi da ni a unguwa.

Ke kika san gidanki da unguwarki, ba zan raba miki wannan gardama ba. Abin da zan iya faɗa na aikina ne. Siket mai buɗewa kaɗan-kaɗan daga ƙugu zuwa ƙasa, ko mai fale shida, yana rufe jiki kamar zani kuma ya fi zani sauƙin tafiya. Miƙaƙƙen siket na jins kuwa dole sai da tsaga, don yadin ba ya ba da kai. In ba kya son ƙafa ta fito, a yi masa ninki a ciki maimakon tsaga, zai buɗe lokacin shiga adaidaita sahu ya koma ya rufe. Wando falazo mai faɗin ƙafa da riga har gwiwa shi ma ba ya nuna komai.

Kafin ki biya, yi gwajin da na ke sa kowa ta yi a shagona. Ɗaga hannu kamar za ki yi kabbara. Sunkuya. Zauna a ƙasa zaman tahiya. Naɗe hannun rigar ya wuce gwiwar hannu. Jaket nawa na gani masu kyau a madubi, lokacin alwala ya yi sai mai ita ta tuɓe ta gaba ɗaya a banɗakin ofis saboda bakin hannun ya ƙi wucewa.

Wane irin mayafi ne ke tafiya da shi?

Jins yana da kauri da kaushi, don haka yana son abokin tafiya mai laushi: mayafin shifon, ko na auduga marar nauyi, ko siliki. Launukan da ke haska shuɗi mai duhu su ne ruwan madara, ruwan zuma, ruwan goro, ruwan hanta, ruwan hoda mai sanyi. Baƙin mayafi a kan shuɗi mai duhu yana dusashe fuska, sai in za a sa 'yan kunne masu haske. Ɗankwalin jins kuwa a'a. Nan kaɗai ne ƙa'idar turmi ɗaya ta ƙi aiki: ba ya ɗauruwa, yana da zafi a ka, kuma shi ne ke tura shiga daga ado zuwa abin kallo.

Mai dogon hijabi har ƙasa ta kula da kwala. Kwalar jaket mai tauri tana yin tudu a ƙarƙashin hijabi. A yi wuyan rigar a shafe, ba kwala.

Sabon saitina ya ɓata mini farar jaka. Me ya jawo, kuma gishiri yana hanawa?

Na sha wannan da kaina. Na taɓa zuwa walimar saukar karatu da sabon siket mai duhu, na zauna a kan farar kujerar masu gida, na tashi na bar musu taswira. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Shuni ba ya shiga cikin zare ya kama kamar sauran rini. A bayansa yake kwanciya, tsakiyar zaren tana nan fara. Shi ya sa jins ke koɗewa a inda ake gogawa, shi ya sa kuma yake shafa a jikin abin da ya taɓa. Duk wadda ta ga yadda turkuɗi ke barin shuɗi a goshi da wuyan Buzaye ta san halin. Gishiri da ruwan tsami da ake cewa a jiƙa a ciki ba sa ɗaure shuni. Abin da ke aiki shi ne wanki biyu ko uku shi kaɗai da ruwan sanyi, har rarar da ke sama ta fita. Bayan nan ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a ciki. In ya fito fari, kin tsira. Kafin nan, farar jaka da farin hijabi da fararen kambas su yi haƙuri a gida.

Takalmi, jaka, sarƙa?

Fata, ruwan ƙasa ko ruwan zuma, ita ce abokiyar jins tun asali, kuma aikin dukawanmu yana zama a kansa ɗas. Takalmi sau-ciki ko mai ɗan tudu mai faɗi don ofis, kambas marasa hayaniya don tafiya. Jakar jins a kan saitin jins ta yi yawa.

Zinariya tana tashi a kan shuɗi mai duhu fiye da yadda take tashi a kan leshi, don ba ta da abokin gasa. Abu ɗaya mai nauyi ya isa: awarwaro, ko 'yan kunne, ko murjanin da kika gada. Ki dubi maɓallan rigar tukuna. In farin ƙarfe ne, azurfa ta fi dacewa, ko ki ba tela ya canza su, aikin minti goma ne.

Ina ake zuwa da shi, ina ba a zuwa?

Ofis, in dokar wurin ba ta hana ba. Taron iyayen yara a makaranta, asibiti dubiya, kasuwa, filin jirgi, ziyarar ƙawaye, yawon sallah rana ta uku. Gidan rasuwa, a'a. Ɗaurin aure da dina, a bar wa leshi da shadda filinsu. Gaisuwar surukai ta farko, ko da ke ce uwar ango, ni ba zan sa ba. Suna ya danganta da gidan: na 'yar ƙanwarki da rana, doguwar rigar shambire mai surfani a wuya ta wadatar.

Ɗinkakke zan saya, ko gwanjo, ko in kai wa tela?

Ɗinkakken saiti yana da matsala ɗaya: lamba ɗaya ake ba sama da ƙasa, alhali mace mai shekaru da wuya samanta da ƙasanta su zama lamba ɗaya. In shagon ya yarda a raba, to. In bai yarda ba, sayi wanda ya shiga inda kika fi girma, tela ya rage ɗayan.

A gwanjo, irin na Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna, ana samun jins mai kyau wanda ya riga ya gama zuba ya yi laushi, amma da wuya ki samu biyu masu launi ɗaya, don haka ki tafi da niyyar bambantawa. Duba tsakanin cinyoyi a hasken rana, nan yake fara cinyewa. Ja zif sama da ƙasa. In kin ga yadin ya yi kwarya-kwarya ko wasu fararen zaruruwa sun leƙo, robar ta mutu, araha ba ta ado. Lambobin ma kada su ruɗe ki: galibi lamba 12 ta Amurka ita ce 16 ta Ingila. Dabarar nan ta zagaya ƙugun wando a wuya tana yi wa 'yan mata aiki, amma wuya bai san an haihu ba. Tafi da tef ɗin awo.

Tela ya fi, in kin samu wanda ya taɓa ɗinka jins.

Me zan gaya wa telan?

Sayi yadin duka lokaci ɗaya daga bandir ɗaya. Jins yakan zo da faɗin inci 58 zuwa 60, ya fi atamfa faɗi, don haka yadi huɗu zuwa biyar yana fitar da dogon siket da riga har gwiwa ga mai matsakaicin jiki. Wanke shi ki shanya kafin almakashi ya taɓa shi. Yawancin na kasuwa an riga an sa shi ya motse a masana'anta, amma wanda ba a yi wa haka ba yana iya raguwa har kusan kashi 10 cikin 100, siket ɗin da ya taɓa sawu ya koma ƙwauri.

Ce masa ya sa allura lamba 16, mai kauri kuma 18, ya ƙara tsawon taku. Ya yanka duka fallayen suna kallon gefe ɗaya, in ba haka ba wani falle zai fi wani duhu a rana. Inda ɗinki ya haɗu ya yi tudu, a ɗan daddaka da guduma kafin a bi ta kai. Zaren ado ruwan goro, wanda aka saba gani a jikin wando, yana fito da duk wata karkata. In hannun telan bai miƙe sosai ba, zare kalar yadin zai rufa muku asiri ku biyu.

Zan iya haɗa shi da atamfa ko a yi masa aiki?

Sosai, kaɗan dai. Siririn layin atamfa a cikin kwala da bakin hannu, wanda sai an naɗe yake leƙowa. Surfani a wuya da zare ruwan madara ko shuɗi mai haske. Sai dai a wanke atamfar da jins ɗin kowanne daban kafin a haɗa, don ba tare suke motsewa ba.

Yagagge fa, da mai duwatsu, da wanda aka koɗar a cinya?

Yagagge, bar wa jikoki. Duwatsu suna zubewa a wanki na uku su bar tabon gam. Wanda aka koɗar a cinya da mazaunai kuwa haske yake sawa a daidai inda ba kya son a kalla. Akwai ma wani dalili da ya sa ba na sha'awarsa: ɗaya daga hanyoyin koɗarwar ita ce fesa yashi da ƙarfin iska, kuma ƙurar ta lalata huhun ma'aikata da yawa, har Turkiyya ta haramta aikin a 2009, Levi's da H&M kuma suka sanar da dainawa a 2010.

Ni da 'yata muna son mu yi anko.

Yadi ɗaya, ɗinki biyu. Ita ta yi gajeriyar jaket ɗinta, ke ki yi doguwa.

Zan je Landan wajen ɗana cikin Disamba. Saitin jins zai tare sanyi?

Ba zai tare ba. Kaurinsa yaudara ce. Auduga ce, iska tana ratsa ta, in ruwa ya taɓa ta kuma ta daɗe ba ta bushe ba. Sa dogon wando na ciki mai ɗumi da rigar ulu a ƙasa, babbar rigar sanyi a sama. A bar ɗan sarari a awon saboda su.

Yaya ake wanke shi da guga?

A 2014 shugaban Levi's na lokacin, Chip Bergh, ya ce wandon da ke jikinsa ya kai shekara bai shiga injin wanki ba, mutane suka yi ta yaɗawa. A San Faransisko kamfaninsa yake, inda ba a san zufar bazara da ƙurar hunturu ba. Ke wanke naki in ya yi datti, amma ba kowace sawa ba. Sawa uku ko huɗu, tsakani a rataye shi ya sha iska.

Juya ciki waje, ja zif, ruwan sanyi, sabulu kaɗan. Ba bilic, ba burushi, ba jiƙo na kwana. In mai wanki kike ba wa, ja masa kunne kada ya murza wuri ɗaya, don zai bar farin tabo da ba ya komawa. Shanya a inuwa, a juye. Ranarmu tana cin shuni cikin 'yan makonni, har layin igiya ya fito a jiki. Guga ta ciki, da sauran danshi. Mai roba kuma wuta kaɗan, zafi ne ke kashe robar.

Sama da ƙasa su shiga ruwa tare, ko da ɗaya bai yi datti ba. Siket ya fi jaket saurin datti, to in kina wanke shi shi kaɗai, kafin shekara ta zagayo ya yi haske ya bar jaket a duhunta, saitin da kika sha wahala kika haɗa daga bandir ɗaya ya koma shuɗi biyun nan da suka yi kusa amma ba su haɗu ba.